Daga Barberin Iran Zuwa Kwarkon Bagudo: Ɗaci Ɗaya, Awo Daban

Ranar kasuwa a Tsamiya, tun kafin rana ta ɗaga, muryar lasifika ce ke fara tarbar baƙo. Mai magani ya kafa motarsa a gefen hanyar da ta nufi Segbana ta Jamhuriyar Benin, ya shimfiɗa buhu ya jera hajarsa: sassaƙe, saiwoyi, ƙulle-ƙullen gari a leda, da jarkokin tsimi. Shelar ita ce dai wadda aka sani daga Bagudo har Illo da Lolo da Ka'oje: basir, shawara, sanyi, dattin ciki, suga, hawan jini. Ana biya da naira, ana biya da sefa.

Tambayar da aka fi yi masa guda ce: "Malam, yaya zan sha?" Amsar ma ba ta cika sauyawa ba: "Hajiya, ɗebi da yatsu uku ki zuba a kunu, safe da yamma. In kin ji ɗaci, maganin ne ke aiki."

A 'yan shekarun nan wata shelar ta ƙaru, ita kuma ta waya take shigowa. A 2023 masu talla a TikTok suka ɗauko wani sinadari mai suna berberin suna yi masa kirari da "Ozempic na ganye", wai yana zubar da ƙiba kamar allurar nan mai tsada da masu kuɗin Amurka ke rububi. Daga can tallar ta gangaro Facebook da WhatsApp, 'yan kasuwar intanet na Legas da Abuja da Kano suka shiga jera kwalabensa. Duk mai babbar waya da ke fama da suga ko tumbi, ko a bakin iyaka yake, yana iya cin karo da ita.

Ba abin mamaki ba ne in an saurare ta. Tun da naira ta faɗi a 2023, kamfanin GSK kuma ya sanar da tattara komatsansa daga Najeriya a wannan shekarar, kuɗin magani ya fi ƙarfin mutane da yawa. Mai ciwon suga ba ya hutu da sayen ƙwaya. Ga nisan asibiti, musamman ga ƙauyukan bakin kogin Kwara idan damina ta yanke hanya. Duk wanda ya zo da alkawarin sauƙi, za a ba shi kunne.

Itacen da ba ya fitowa a nan

Barberi, wanda daga gare shi sinadarin ya samo suna, ɗan itace ne mai ƙaya da furanni ruwan ɗorawa da 'ya'ya ja masu tsami. Idan aka ɓare saiwarsa ko bawonsa, cikin rawaya ne shar, ɗaci kuma ba magana. Danginsa sun kai ɗaruruwa, amma duk 'yan ƙasar sanyi ne da tsaunuka. A Afirka sai an hau duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, ko tsaunukan gabas daga Habasha zuwa Malawi, kafin a same shi. Zafin Kebbi ba nasa ba ne.

Gidansa na noma shi ne Iran. Lardin Khurasan ta Kudu, yankin Ƙa'in da Birjand, shi ke fitar da mafi yawan busassun 'ya'yan barberi na duniya. A can cimaka ne: ana barbaɗa su a kan shinkafa da kaza. Likitocin Musulunci na da, irin su Ibn Sina, sun san shi da sunan amirbaris, suna ba da shi don hanta da ciki da kashe ƙishirwar mai zazzaɓi. A Indiya akan dafa saiwar wani ɗan'uwansa har ta yi kauri, a yi maganin ciwon ido da ita. A Sin kuwa daga wata shuka daban suke samun sinadarin, kuma sun shafe shekaru da dama suna sayar da ƙwayarsa a kantin magani don gudawa.

Akwai abin lura a nan ga mai saye. Berberin a saiwa da bawo yake taruwa. 'Ya'yan da suka nuna kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Wanda ya sayi busassun 'ya'yan barberi da sunan maganin suga, kayan shinkafa ya saya.

Manoman alkama na Kebbi kuwa su gode wa Allah da itacen bai zo ba. A jikin ganyensa ne cutar tsatsar alkama ke sabunta irinta. Birnin Rouen na Faransa ya kafa dokar sare shi tun 1660, Amurka kuma ta ƙaddamar da yaƙi da shi a 1918, ta tumɓuke ɗaruruwan miliyoyinsa.

Abin da gwaji ya nuna

Gaskiyar da ya kamata a fara faɗa ita ce berberin ba ƙaryar 'yan talla ba ce. Magani ne, yana aiki a jiki. Tun wajajen 1830 masana a Jamus suka ware shi daga saiwar barberi, kuma yana cikin sinadaran shuka da aka fi nazari a kansu.

A kan gudawa aka fara gwada shi sosai. Wani gwaji da aka wallafa a 1987 daga Bangaladash ya nuna yana rage yawan zawo ga masu wani nau'in gudawar ƙwayoyin cuta, amma a kan kwalara tasirinsa kaɗan ne. Ba ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari, ba ya kuma maye gurbin ƙarin ruwa a asibiti.

A 2004 masana a Sin suka gano yana taimaka wa hanta ta kwashe mugun kitse daga jini, ta wata hanya daban da ta magungunan da aka saba. A 2008 kuma aka fitar da gwajin da masu talla suka fi jingina da shi: an raba sababbin masu ciwon suga gida biyu, wasu suka sha metformin, ƙwayar suga ta asibiti, wasu suka sha berberin miligiram 500 sau 3 a rana har wata 3, sugan kowane ɓangare ya sauka kusan daidai. Abin da ba a faɗa a tallar shi ne mutanen ba su kai 40 ba, kuma a ɗaukacin binciken wajen mutum 1 cikin 3 ya yi fama da murɗar ciki, ko kumburi, ko gudawa, ko taurin bayan gida. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun ƙarfafa batun saukar da suga, sai dai yawancinsu ƙanana ne, na gajeren lokaci.

Yadda yake aiki ya yi kusa da na metformin. Yana tayar da wani sinadarin cikin ƙwayoyin jiki da masana ke kira AMPK, wanda ke sa tsoka ta ƙara jan suga, hanta kuma ta rage sakinsa. Abin mamakin shi ne hanji ba ya son shansa. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da aka haɗiya ne ke isa jini. Shi ya sa masana da yawa ke ganin babban aikinsa a cikin hanjin yake, inda yake sauya irin ƙwayoyin da ke zaune a ciki.

Batun ƙiba kuwa, nan ne tallar ta wuce gona da iri. Idan aka tattara gwaje-gwajen, abin da ake ragewa bai cika wuce kilo 1 zuwa 2 ba. Allurar da ake kwatanta shi da ita, a babban gwajinta, ta rage wajen kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Ba hanyarsu ɗaya ba, ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Akwai wani bincike da masu maganin gargajiya za su ji daɗinsa. A 2000 masana a Amurka suka lura cewa berberin shi kaɗai ba ya iya wa wasu ƙwayoyin cuta, domin suna fitar da shi da zarar ya shiga, kamar yadda mai kwalekwale ke kwarfe ruwa da ƙwarya. Sai suka tarar itacen barberi yana ɗauke da wani sinadarin na biyu, wanda aikinsa shi ne ƙwace ƙwaryar. Wannan ya nuna akwai lokacin da shuka sukutum ta fi abin da aka tsamo daga cikinta. Bai nuna kowane haɗi da aka cakuɗa a jarka haka yake ba.

Jariri, mai ciki da mai shan wasu magunguna

Babban haɗarin berberin a kan jariri yake. Jinjiri sabon haihuwa yakan tara wani sinadari mai launin ɗorawa a jini, wanda shi ke sa idonsa da fatarsa su yi rawaya. Jiki na ɗaure wannan sinadarin da wani furotin don kada ya kai ƙwaƙwalwa. Gwaje-gwaje sun nuna berberin na iya kwance wannan ɗaurin. Idan sinadarin ya isa ƙwaƙwalwar jariri, ɓarnar ba ta gyaruwa: kurunta, sanƙarewar gaɓoɓi, ko mutuwa.

Singafo ta haramta shi a 1978 saboda wannan fargabar, musamman ga jarirai masu ƙarancin wani sinadarin jini na gado da ake kira G6PD. Ta ɗage haramcin a 2013, amma da sharaɗin a rubuta gargaɗi: ban da jarirai, ban da masu ciki, ban da masu shayarwa, ban da masu wannan larurar. A Najeriya fiye da namiji 1 cikin 10 ne ke ɗauke da ita, galibi bai ma sani ba.

A nan ne maganar ta shafi ɗakin mai jego. Al'adar ba jariri dauri tana nan daram a ƙasar Hausa, kuma idan idon yaro ya yi rawaya, abin da hannu ke fara kaiwa gare shi saiwa ce mai rawaya. Kaka ba ta nufin sharri. Abin da ta ga an yi mata ne take yi wa jikanta. Amma shawarar jariri ba ta jiran gwajin jiƙo. Asibiti ake kai shi a ranar, a auna jininsa, a sa shi ƙarƙashin fitilar da ke narkar da sinadarin.

Ga manya kuma, berberin na rage saurin da hanta ke narkar da wasu magunguna, sai su taru a jini fiye da kima. An tabbatar da haka ga maganin da masu dashen ƙoda ke sha. Mai shan ƙwayar suga ko allurar insulin, in ya ɗora berberin ba da sanin likitansa ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa ta fitar da irin wannan gargaɗi a 2019. Kwalbar ma ba ta da tabbas: da aka auna wasu samfura a Amurka, fiye da rabinsu ba su ƙunshi adadin da aka rubuta a jikinsu ba.

Ɗan'uwansa na bakin juji

Abin da mai sayen kwalba daga Legas bai sani ba shi ne sinadarin na tsiro a gefen garinsu. Kwarko, wanda wasu ke kira haƙorin kada, ciyawa ce mai ganye toka-toka da ƙaya da fure ruwan ɗorawa. Tana son kufai da bakin juji da yashin bakin gulbi, kuma da rani aka fi ganinta. In an karya ta, ruwan da ke fita rawaya ne. Masana na kiranta Argemone mexicana, domin daga Meziko ta taso ta bazu duniya. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirran Hausa na 1916.

Kwarko na ɗauke da berberin da wasu sinadarai 'yan'uwansa, kuma a Afirka ta Yamma an daɗe ana dafa ganyenta don masassara da shawara. Amma tana da gefen da ke kisa. 'Ya'yanta ƙanana baƙaƙe suna da mai mai dafi. A 1998 wannan man ya gauraya da man girki a birnin Delhi, mutum wajen 3,000 suka kwanta da kumburin ƙafafu da ciwon zuciya da na ido, fiye da 60 suka mutu. Ganye da iri a jikin shuka ɗaya suke, kuma idan aka daka aka tankaɗe aka ƙulla a leda, ido ba ya raba su.

Launi ma ba shaida ba ne. Rawaya da ake sa wa miya a kuma sha don shawara, launinta daga wani sinadari daban yake. Haka gangamau. Sassaƙen awopa da matan Yarbawa masu agbo ke sayarwa, shi yana da dangin berberin na kusa. Uku ke nan masu kama ɗaya a ido, aikinsu a jiki kuwa kowa da nasa.

Ko ɗakin bincike yakan ruɗe. A 2013 wasu masana suka sanar da cewa sun sami sinadarin ƙwayar taramol a saiwar tafashiya daga Kamaru, duniya ta ɗauka. Shekara ɗaya bayan nan wasu masanan daga Jamus suka nuna cewa manoman arewacin Kamaru ne ke ɗura wa shanun huɗa ƙwayar, fitsarin shanun ya shiga ƙasa, saiwar ta zuƙa. In masu na'ura za su yi irin wannan tuntuɓe, ina ga mai ɗanɗanawa da harshe?

Iyaka ɗaya, doka biyu

Buhun sassaƙe ba ya neman takardar ƙetare iyaka. Yakan taso daga kasuwar Malanbil ta Benin ya bi ta Lolo, ko daga Kandi ya bi ta Segbana, wani kuma ya fita daga nan ya nufi can. Ko lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, hankalin jami'ai a kan shinkafa da fetur yake.

Kowace ƙasa da nata salon. Gwamnatin Benin ta Patrice Talon ta afka wa kasuwar magani ta Adjegounle da ke cikin Dantokpa a Kwatano a 2017, ta kwashe tan-tan na ƙwayoyi. A gefe guda kuma Benin ce ta fitar da Valentin Agon, wanda maganinsa na ganye na zazzaɓin cizon sauro, Api-Palu, ya ci wata babbar kyautar ƙirƙira ta Afirka a 2016.

A Najeriya, hukumar NAFDAC kan ba maganin gargajiya lamba mai harafin L a ƙarshe, ta tsawon shekara 2. Mutane da yawa na ɗaukar lambar a matsayin shaidar waraka. Ma'anarta dai an duba ba a ga guba a fili ba; ba ta ce maganin na warkar da abin da aka rubuta ba. Mafi yawan abin da ake bajewa a kasuwannin ƙauye kuwa ko wannan lambar ba shi da ita.

Masu maganin gargajiya na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce gado ne tun kaka da kakanni, su ne ke nan lokacin da babu likita, kuma masu bincike kan zo su karɓi sirrinsu su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu. Na gaskiyar cikinsu sukan koka da 'yan lasifika da suka shigo sana'ar ba gado ba koyo. Likitoci da masana haɗa magunguna su kuma kukansu shi ne awo da jinkiri: ba a san ƙarfin abin da aka sha ba, kuma sai ciwo ya ci jiki ake kawo musu mara lafiya, wani lokaci ƙoda ta riga ta taɓu. A ganina kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, sai dai sun daɗe suna faɗa wa juna ita daga nesa.

Yadda Mali ta bi da kwarko

Akwai inda aka zauna tare. A farkon shekarun 2000 Sashen Maganin Gargajiya na Bamako, ƙarƙashin Farfesa Drissa Diallo, da abokan aikinsa daga Suwizalan da Ingila, suka juya tsarin bincike. Maimakon su fara da ɓera a ɗakin gwaji, sai suka bi gidaje kusan 1,000 suna tambayar abin da aka ba mai zazzaɓi da yadda ya ƙare. Cikin tarin shuke-shuken da aka ambata, kwarko ce ta fi fitowa da kyakkyawan sakamako.

Daga nan suka tare a Missidugu, wani ƙauye mai nisa da asibiti a yankin Sikasso, wurin sarkin garin kuma mai maganinsa, Tiemoko Bengaly. Suka zuba ido yana ba da maganinsa, su kuma suna auna jini suna rubutawa, har aka tsayar da awo. Sannan aka yi gwajin kwatance da mutum wajen 300, aka wallafa a 2010. Cikin waɗanda suka sha dafaffen ganyen, kusan kashi 89 cikin 100 ba su buƙaci wani magani ba har kwana 28. Cikin waɗanda suka sha maganin asibiti, kusan kashi 95 ne.

Sakamakon na da iyakarsa, kuma masu binciken ba su ɓoye ba. Ganyen ya kwantar da zazzaɓi, amma bai share ƙwayar cutar daga jinin yawancin mutane ba. Ya fi aiki ga waɗanda suka haura shekara 5, waɗanda jikinsu ya riga ya saba da cutar. Shawararsu ita ce a ɗauke shi matakin farko inda asibiti ya yi nisa, ba madadinsa ba. Sun kuma karkata ga cewa ba berberin ne ke yin babban aikin ba, tunda hanji ba ya shansa. 'Yan'uwansa biyu da ke cikin ganyen ne aka fi zaton suna yin aikin.

Wannan iyaka ta fi muhimmanci a Kebbi fiye da ko'ina. Ƙididdigar ƙasa ta 2021 ta nuna kusan rabin yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5 na ɗauke da ƙwayar cutar a jini, adadin da babu jihar da ta kai shi. Shi ya sa aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024. Yaron da zazzaɓi ya kama a Lolo ko Illo, gwajin jini da maganin asibiti yake buƙata, ba tukunyar ganye ba.

Amma hanyar da Mali ta bi ba ta fi ƙarfin Kebbi ba. Akwai tsangayar haɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, akwai jami'o'i a Aliero da Birnin Kebbi, akwai cibiyar NIPRD a Abuja wadda ta taɓa fitar da maganin sikila na Niprisan daga haɗin gargajiya da ya ƙunshi karan dafi da kanumfari. Aikin Mali gaba ɗaya ya ci shekara 6 da kuɗin da bai kai Yuro rabin miliyan ba. Maganin da ya fito daga ciki na ganye ne zalla, an ware irin mai dafi, an ƙayyade abin da za a sha, kuma sunan sarkin Missidugu aka sa masa: Sumafura Tiemoko Bengaly.